Waiwaye: Yadda Cinikin Sunayen Shafukan Intanet Ya Koma Bayan Labule

Ranar 15 ga Maris 1985 aka yi rajistar symbolics.com, sunan farko mai ƙarewa da .com. A lokacin kyauta ake ba da suna, sai a 1995 kamfanin Network Solutions ya fara karɓar dalar Amurka 100 na shekara biyu. Daga nan masu hangen nesa suka shiga kama gajerun sunaye suna ajiyewa, kamar mai sayen fili a bayan gari yana jiran birni ya iso. A 1999 an sayar da business.com dala miliyan 7.5, a 2019 kuma voice.com ya kai miliyan 30.

Abin da ya riƙe wannan kasuwa shi ne kundin WHOIS, wanda ya girmi .com ɗin kansa. A da, ka rubuta sunan shafi, ya fito maka da mai shi, lambar wayarsa, imel ɗinsa, har adireshin gidansa. Mai saye ya nemi mai sayarwa kai tsaye, a taya, a sallama. Sai dai ƴan damfara ma nan suke kwasar bayanan bayin Allah.

Ranar 25 ga Mayu 2018 dokar GDPR ta Tarayyar Turai, mai kare bayanan sirrin mutane, ta fara aiki, da tarar da za ta iya kai kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara. Ana saura kwanaki, hukumar ICANN, mai kula da tsarin sunayen tun 1998, ta fitar da ƙa'idar wucin gadi ta rufe bayanan da dokar ta shafa a kundin WHOIS. Kamfanonin rajista da yawa ba su tsaya tantance Bature da Banijare ba, suka rufe bayanan kowa. Nijar ma ta yi tata dokar kare bayanan sirri a 2017, ta kafa hukumar HAPDP don kula da ita.

Rufewar ta yi amfani, amma cinikin ya faɗa hannun dillalai da dandalin gwanjo irin su Sedo da GoDaddy, kowa da la'adarsa. Mai son suna sai ya aika saƙo ta fom ya zauna jira, wataƙila ba amsa.

Abin da ya fi damuna yana nan Damagaram. Baduku ko ɗan kasuwar Dole ya ba wani yaro mai ilimin kwamfuta kuɗi ya buɗe masa shafi, yaron ya yi rajistar da sunansa da imel ɗinsa, sau da yawa ba da mugun nufi ba. A da ana iya dubawa cikin minti ɗaya a gane. Yanzu fa, sai in mai shagon ya shiga asusun rajistar da kansa. Saƙon sabunta biya kuwa can yake zuwa wajen yaron, kuma in wa'adi ya wuce ba a biya ba, sunan na iya faɗawa gwanjo ko hannun wanda ya riga kowa kamawa.