Ma'aunan Tantance Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Ma'aunan tantance lafiyar ƙwaƙwalwa jerin tambayoyi ne ko ƙananan ayyuka da aka tsara bisa ƙa'ida, ana ba kowace amsa maki, domin likita ya san tsananin abin da ke damun majiyyaci, ya kuma gane ko magani na aiki idan ya sake aunawa bayan wasu makonni. Akwai waɗanda majiyyaci ke cikewa da kansa, akwai kuma waɗanda likita ke ba da makinsu bayan sun tattauna. Babu ɗayansu da ke tabbatar da cuta shi kaɗai. Wannan hukunci na likita ne, bayan ya ji tarihin ciwon ya duba mai shi.

A 1960 likitan ƙwaƙwalwa Max Hamilton ya fitar da ma'auninsa na ciwon damuwa a Ingila, kuma nau'insa mai tambaya 17 ne ya fi yaɗuwa. Shekara guda bayan haka Aaron Beck ya fitar da nasa a Amurka, mai tambaya 21. Ma'aunin PHQ-9 ya fi su gajarta: tambaya 9 ce kan barci, cin abinci, kasala da fitar sha'awar abubuwan da aka saba a makonni biyun da suka wuce, jimillar makinsa 27, kuma daga 10 zuwa sama akan zurfafa bincike. Tambayarsa ta ƙarshe ta shafi tunanin mutuwa ko cutar da kai, kuma wajibi ne a tsaya a kanta ko da sauran makin bai taka kara ya karya ba. Masu jego suna da nasu, ma'aunin Edinbara na 1987, mai tambaya 10.

Babbar matsala a ƙasar Hausa ita ce yawancin ma'aunan an gina su ne a kan waɗanda suka yi karatun boko. Gwajin MMSE na 1975, mai maki 30, wanda ake binciken ciwon mantuwa da shi, yana neman mutum ya faɗi kwanan wata da shekara, ya yi ta cire 7 daga 100, ya rubuta jimla, ya kwaikwayi wani zane. Dattijuwar da aka kawo asibitin koyarwa na Shika daga cikin birnin Zazzau, wadda ke lissafin watanni da Rajab da Sha'aban, ta san sunan kowane jika da tattaba-kunne, amma ba ta taɓa riƙe biro ba, tana iya rasa maki da yawa alhali hankalinta garau yake. Kiran irin wannan baiwar Allah mai ciwon mantuwa saboda takarda kawai zalunci ne. Shi ya sa wani binciken haɗin gwiwa kan ciwon mantuwa a tsakanin tsofaffin Ibadan da na birnin Indiyanafolis na Amurka ya yi aiki da ma'aunin CSI-D, wanda ke haɗawa da jin ta bakin ɗan'uwan da ke zaune da tsohon.

Haka kuma, mai ciwon damuwa a nan ya fi kawo kukan ciwon kai, faɗuwar gaba da mutuwar jiki. Ma'aunin SRQ-20 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ake amsawa da "i" ko "a'a", ya sanya ciwon kai, rashin cin abinci da rawar hannu cikin tambayoyinsa, ana kuma iya karanta wa wanda bai iya karatu ba. Sai dai a kula da wanda ke cikin ɗakin, domin amaryar da ake tambaya a gaban uwar mijinta ko tana yawan kuka, kunya kan sa ta ce lafiya lau. Ya kamata a nemi ɗan rakiya ya ba su wuri kafin a fara.