Waiwaye: In an kashe ɗan sanda a Katsina, wa ake kamawa?

Ranar 5 ga Yulin 2022 'yan bindiga suka yi wa 'yan sanda kwanton ɓauna a dajin Zakka da ke ƙaramar hukumar Safana, suka kashe kwamandan shiyyar Dutsin-Ma, ACP Aminu Umar, da wani jami'i guda. Duk sanda aka yi irin wannan rashi, wanda ya yi harbin ba ya kwana a gari. Kafin a ɗauke gawa ya hau babur ya nausa daji. Masu kwana a gari su ne mai shayin bakin tasha, da ɗan kabu-kabu, da mai cajin waya, da Bafulatanin da ya shigo cin kasuwa. Su hannu ke iya kaiwa, kuma a kansu ake gane ko dokar da ke rubuce tana aiki ranar da ran jami'ai ya ɓaci.

Ɗora wa gari laifin mutum guda tsohuwar al'ada ce ta masu mulki a ƙasar nan. A 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka kashe Razdan da wasu Turawa biyu da sojoji. Wata bai cika ba aka dawo aka shafe garin, har yau kufai ne. Daga baya Turawa suka yi doka ta musamman da ta ba su damar cin gari tara baki ɗaya in an yi ɓarna a ƙasarsa ba a miƙa mai laifi ba. A nan Katsina da Daura kuwa, a wancan zamani tsaron yau da kullum yana hannun En'e, wato hukumar gargajiya: dogarai da 'yan doka, ta hanyar hakimi da dagaci da mai unguwa. 'Yan doka ba waliyyai ba ne, tsofaffin 'yan NEPU sun sha kulkinsu a shekarun 1950. Amma ɗan doka ɗan gari ne, ya san gidan kowa, in an ce wane ya yi ɓarna ba sai ya kwashi unguwa ba. Bayan juyin mulkin 1966 soja suka narkar da 'yan dokan En'e cikin rundunar tarayya, wadda aka kafa tun 1930, kuma sashe na 214 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak. An rabu da ɗan sandan sarki, an samu wanda za a iya turo shi Batsari daga ko'ina, bai san wanda zai tambaya ba balle wanda zai yarda da shi.

Babban misalin zamanin farar hula shi ne Odi a jihar Bayelsa. A Nuwamban 1999 wasu 'yan daba suka kashe 'yan sanda 12. Shugaba Obasanjo ya ba gwamnan jihar mako biyu ya kamo su, wa'adin bai cika ba sojoji suka shiga garin ranar 20 ga wata suka rusa shi, sai 'yan gine-gine suka tsira. A 2013 Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal ta ce gwamnati ta biya mutanen Odi naira biliyan 37.6. Mu a Arewa namu darasin ya fi kusa: kashe Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, a hannun 'yan sanda a Maiduguri a Yulin 2009, maimakon a kai shi gaban alƙali. Kowa ya san abin da ya biyo baya.

Dokokin da ake da su yanzu an rubuta su ne da waɗannan abubuwa a zuciya. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce, cikin harshen da yake ji, kafin awa 24. Yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauya. A kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu har da Katsina, ta hana kama wani a madadin wani. Ke nan riƙe uba ko mata "har sai ya kawo kansa" laifi ne, komai girman abin da ɗan ya aikata. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25 ga jami'in da ya gana wa wanda ake tuhuma azaba, kuma cewa "oga ne ya sa ni" ba ta wanke shi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta maimaita haramcin kamun madadi, ta ƙara da cewa sutura ko askin mutum ba hujjar tsayar da shi a caje shi ba ce.

Masu cewa waɗannan dokoki sun ɗaure wa 'yan sanda hannu ba su karanta su har ƙarshe ba. Sashe na 33 na Tsarin Mulki da umarnin rundunar 'yan sanda mai lamba 237 sun ba jami'i damar harbi in ransa ko na wani yana cikin haɗari kuma babu wata hanya. Wa'adin kwana ɗaya ko biyu bai shafi wanda ake da ƙwaƙƙwaran zato a kansa kan laifin da hukuncinsa kisa ne ba. Dokar ta'addanci ta 2022 ma ta ba kotu ikon amincewa a tsare mutum har kwana 60, a kuma sabunta. Abin da doka ta nema shi ne zaton ya kasance a kan mutum da sunansa, kuma alƙali ya sa hannu. Ita ce iyakar da ake yawan tsallakewa, don neman takarda yana cin lokaci, zuciya kuwa tana tafasa. Wanda ya ɗauki gawar abokin aikinsa a bayan Hilux, ya san an tafi da bindigarsa, ya san iyalinsa za su daɗe suna bin haƙƙinsa daga ofis zuwa ofis, ba abin mamaki ba ne ya ga kowa a ƙauyen a matsayin infoma.

Sai dai kamen kan-mai-uwa-da-wabi shari'ar yake kashewa tun kafin ta fara. A wurin da aka yi harbi, abin da mai bincike ke buƙata shi ne kwanson harsashi, da sawun babura, da wayar da ta faɗi, da sunayen waɗanda suka gani. In motocin samame suka fara isa, sun tattake sawun, yara sun tsince kwanson, shaidu sun tsere gona. Mu kuma ba ma jinkirta jana'iza, don haka in likita bai duba gawa ya rubuta rahoto a cikin 'yan awoyin nan ba, shi ke nan. Sai a wayi gari da mutum talatin a bayan kanta, babu hujja a kan ko ɗaya, abin da ya rage shi ne a matsa wa wani ya ce shi ne. Da an zo Babbar Kotu lauyansa zai ce da duka aka karɓi bayanin, alƙali ya dakatar da komai ya yi ƙaramar shari'a a kan yadda aka rubuta shi. In babu lauya a wurin, ba a ɗauki bidiyo ba, ga kuma tabo a bayan mutum, takardar ta zama ta banza. Haka mai laifin gaske ma ke kuɓuta.

Waɗanda ba su ji ba ba su gani ba kuwa, hanyarsu daban. Majistare ba shi da hurumin shari'ar kisa, iyakarsa ya aika mutum gidan gyaran hali a jira shawarar ma'aikatar shari'a. A dokar 2015 wannan ajiya kwana 14 ce, ana iya ƙara 14 sau biyu, daga nan in ba a kawo dalili ba a sake shi. A aikace fayil kan kwanta, mai binciken a yi masa canjin wurin aiki, mutum ya shekara yana jira. Kuma duk da "beli kyauta ne" da ke manne a bangon caji ofis, kowa ya san tunkiya nawa ake sayarwa kafin a fito da ɗa.

Katsina ta ga wani salon matsin na daban. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Masari ya sa hannu a dokar da ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana motocin haya bin ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ta hana sayar da fetur a jarka da goyon mutum uku a babur. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13. Manufar ita ce a yanke wa daji mai da labari, amma wanda aka kawo wa hari da dare shi ma ya rasa hanyar kiran DPO. A Oktoban 2023 Gwamna Raɗɗa ya ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma, kashin farko kusan mutum 1,500, bayan shekarun da aka yi ana kuka da kisan gillar 'yan sa-kai a kasuwanni. Su 'yan gari ne, sun san hanya, kamar 'yan dokan da. Haɗarin kuma shi ne sun san wanda suke rikicin gona da shi. Wanda suka kama, doka ɗaya ce: a miƙa shi ga 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba, agogon sashe na 35 ya fara bugawa.

Iyalin da aka kwashe musu mutum a samame, abin farko su rubuta rana da lokaci da caji ofis ɗin da aka kai shi da sunan mai binciken, su tabbatar an shigar da sunansa a rajista, domin wanda ba ya cikin rajista shi ke ɓacewa. In an wuce kwana biyu babu kotu babu beli, lauya na iya shigar da ƙarar kare haƙƙi a Babbar Kotun jiha ko ta tarayya a ƙarƙashin ƙa'idojin shari'ar kare haƙƙi na 2009, wanda ba shi da kuɗin lauya kuma ya nufi ofishin hukumar ba da lauya kyauta ko na hukumar kare haƙƙin ɗan Adam a cikin Katsina. Dokar 2015 ta kuma ɗora wa babban majistare ya riƙa zagaya wuraren tsare mutane kowane wata, ya duba rajista, ya ba da beli inda ya dace. In kotu ta samu an tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, sashe na 35 ya ba shi diyya da neman afuwa a bainar jama'a daga hukumar da ta kama shi.