Wuta ba ta kashe gubar gyaɗa mai funfuna

Daga Garwa har Marwa a arewacin Kamaru maganar ɗaya ce: in gyaɗa ta yi funfuna, a soya ta a yi tunkuza ko ƙuli-ƙuli, ai wuta ta cinye cutar. Har wasu ma'aikatan asibiti na ji suna faɗin haka, kuma wannan ne ya fi damuna.

Zafi yana kashe funfunar, amma gubar da ta bari a cikin ƙwayar, wato afulatoksin, tana jure suya da tafasa. Ta kan ragu, ba ta ƙarewa. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa da gyaɗa. Cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Hanta take ci a hankali, shekara da shekaru, mutum bai sani ba. In kuwa yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a yankinmu, haɗarin ya kan ninka sosai.

Masara ma haka take.

Don haka likita ko nas, in mai ciwon hanta ya zo, kar ku tsaya kan tambayar taba da giya kawai. Ku tambayi mara lafiya yadda ake ajiye amfanin gona a gidansu. A shanya ya bushe sarai, a ɗora buhuna kan katako nesa da danshi, a tsince ƙwayar da ta motse ko ta canza launi a zubar. A kai jarirai allurar rigakafin ciwon hanta.