Jijiyoyi da Magungunan da Ke Sarrafa Bugun Zuciya

Zuciya da kanta take tayar da bugunta. Wani ɗan ƙullin tsoka a ɗakinta na sama, ɓangaren dama, shi ke fara kowane bugu, kuma in an bar shi shi kaɗai yakan kai kusan 100 a minti. Jijiyoyin saƙo su ne linzaminta. Jijiyar vagus tana ja mata birki, shi ya sa bugun babban mutum da ke hutawa yakan sauka ƙasa da haka. Wasu jijiyoyin da ke fitowa daga laka kuma suna sakin wani sinadari mai suna noradirenalin, wanda ke ƙara sauri da ƙarfin matsawa idan mutum ya tsorata ko yana gudu.

Tarihi

A 1845 wasu 'yan'uwa Jamusawa biyu, Ernst da Eduard Weber, suka nuna cewa idan aka taɓa vagus da lantarki zuciyar kwaɗo takan lafa, har ta tsaya. Abin ya ba masana mamaki, domin a da ana ganin aikin jijiya kawai ta zaburar da gaɓa.

Masanin magunguna Otto Loewi ne ya gano yadda jijiyar ke yin haka, a birnin Graz na Ostiriya. Ya ciro zukatan kwaɗi biyu, ya motsa vagus ɗin ta farko har bugunta ya ragu, sannan ya ɗebi ruwan gishirin da ke cikinta ya zuba wa ta biyu. Ita ma sai ta lafa. Ashe sinadari jijiyar ke zubarwa, wanda daga baya aka tabbatar asetilkolin ne. Ya wallafa sakamakon a 1921, ya raba kyautar Nobel da masanin Ingila Henry Dale a 1936. Loewi ya ce a mafarki dabarar ta zo masa. Masu tarihi sun saɓa kan shekarar mafarkin.

Magunguna

Digitalis, wanda ake samu daga ganyen wani tsiro, shi ne tsohon cikinsu. Likitan Ingila William Withering ya bayyana amfanin ganyen ga masu kumburin jiki a 1785. Yana ƙara ƙarfin matsawa, yana kuma rage sauri, amma tazarar da ke tsakanin magani da guba a cikinsa ƙanƙanuwa ce. Dafin kwankwani da maharba da mayaƙan ƙasar Hausa suka riƙa shafa wa kibau ɗan'uwansa ne a wajen aiki: tsokar zuciya yake kamawa.

Atropin yana toshe aikin asetilkolin, sai bugu ya ƙaru. Irinsa ne ke cikin zaƙami, kuma shi ke sa zuciyar wanda ya sha ta riƙa dukan uku-uku.

Propranolol, wanda James Black ya samar a farkon shekarun 1960, yana tare adirenalin ne, ɗan'uwan noradirenalin. Shi da danginsa ana ba masu hawan jini da ciwon ƙirji.