Ma'anar tarko: daga na ɓera zuwa na bashi

Tarko shi ne abin da ake ɗanawa don ya kama dabba ko tsuntsu ba tare da mai shi yana wurin ba. Jam'insa tarkuna. Ana ɗana shi, wasu su ce kafawa, in ya yi aikinsa a ce ya kama.

Wanda kowa ya fi sani shi ne tarkon ɓera: ɗan katako ko ƙarfe mai faɗi, da murɗaɗɗiyar waya mai ƙarfi, da 'yar ƙugiyar da ake maƙala ƙuli-ƙuli ko kan busasshen kifi. Akan ajiye shi jikin bango, don ɓera bango yake bi, ba ya son ratsa tsakar ɗaki. Can cikin dare sai ka ji tas! Wani Ba'amurke, William Hooker na jihar Illinois, ya yi wa irin wannan samfuri rajista a 1894, kuma har yau siffarsa ba ta canza sosai ba. Gam ɗin da ake shimfiɗawa a kwali shi ma tarko ne. Shinkafar ɓera kuwa guba ce, ba ta shiga wannan layi. Abin da tarkon ya kama dai kada a ɗauka da hannu tsirara, domin wani nau'in ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu.

Daɗin kalmar yana wurin da ta bar ɓera ta koma kan mutum. Tarko ba ya bin kowa da gudu. Zama yake yi da abin marmari a bakinsa, mai rabon wahala ya kawo kansa. Shi ya sa ake cewa wane ya faɗa tarkon 'yan damfara: an turo masa saƙo a WhatsApp wai ya ci kyauta, ko gwamnati na rabon tallafi, shi da yatsansa ya latsa, ya miƙa lambobin katinsa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Haka tarkon so, haka tambayar tarko da lauya kan jefa wa mai shaida.

Manazarta siyasar duniya kan ce tarkon bashi, wato a bai wa ƙasa rancen da za ta kasa biya don a samu iko da kadarorinta, su kawo misalin tashar ruwan Hambantota da Siri Lanka ta bai wa wani kamfanin Sin hayar shekara 99 a 2017, ko da yake masana na jayayya kan ko da gangan aka ɗana. A filin ƙwallo ma 'yan baya kan ɗana tarkon satar gida.

Wanda nake yi wa kallon baƙo shi ne "tarkon mutuwa" da 'yan jarida ke laƙaba wa lalatacciyar hanya ko tsohuwar gada. Direban da ya bi ta ba kwaɗayi ya kai shi ba, babu wata hanyar ce. Amma kunne ya riga ya saba, kuma ba na jin za a daina faɗa.