Waiwaye: Rikicin Jarida da Ya Haifi Fim Ɗin Katharina Blum

A watan Disamba na 1971 aka yi fashi a wani banki a garin Kaiserslautern da ke Jamus ta Yamma, aka kashe ɗan sanda guda. Tun kafin masu bincike su tabbatar da waɗanda suka yi aika-aikar, jaridar Bild, wadda ta fi kowace jarida kasuwa a ƙasar, ta ɗora laifin a kan ƙungiyar Baader-Meinhof, ta masu tsattsauran ra'ayin gurguzu da suka ɗauki makamai. Marubuci Heinrich Böll ya mayar da martani a mujallar Der Spiegel ranar 10 ga Janairun 1972, inda ya zargi jaridar da yanke hukunci tun ba a je kotu ba. Nan take aka yi masa caa, aka laƙaba masa sunan mai goyon bayan 'yan ta'adda, har 'yan sanda suka dira gidansa a watan Yuni, a shekarar da ya lashe kyautar Nobel ta adabi.

Daga wannan ɗacin ne ya rubuta ɗan gajeren littafinsa, Die verlorene Ehre der Katharina Blum, wato zubewar mutuncin Katharina Blum, a 1974. Labarin wata mai aikin gida ce, kamila, wadda ta haɗu da wani saurayi a lokacin bikin kanibal (carnival), wato shagalin raye-raye na shekara-shekara, ba tare da sanin 'yan sanda na farautarsa ba. Cikin kwanaki kaɗan wata jarida ta yi kaca-kaca da sunanta, ɗan jaridar ya kutsa har asibiti wurin mahaifiyarta da ke jinya, tsohuwar kuma ta rasu. Daga ƙarshe Katharina ta harbe ɗan jaridar.

Daraktoci Volker Schlöndorff da Margarethe von Trotta suka mayar da labarin fim a 1975, Angela Winkler ta fito a matsayin Katharina, Mario Adorf kuma ya zama jami'in da ke mata tambayoyi. Böll ya buɗe littafinsa da kisan, sannan ya koma baya yana bin sahu kamar mai haɗa rahoto, amma fim ɗin ya jera al'amuran daki-daki, ta yadda mai kallo ke shan wulaƙancin tare da ita kafin ta ɗauki bindiga. A ganina wannan sauyi ne ya ba fim ɗin ƙarfinsa, domin ya hana mai kallo tsayawa gefe. An rufe shi da jana'izar ɗan jaridar, inda shugaban kamfanin jaridar ya tsaya a bakin kabari yana bayyana kisan a matsayin hari a kan 'yancin aikin jarida, bai ko ambaci abin da aka yi wa matar ba.