Ganuwa, badala da gwalalo: amsar tambayoyin da ake ta maimaita mini

Duk shekarar da na kai ɗalibai bakin badala, tambayoyin nan dai su ne. Ga amsoshin a rubuce, a karanta kafin a sake tare ni.

Ganuwa da badala abu ɗaya ne?

A bakin Kanawan yau, eh. A asali ganuwa ita ce bangon, badala kuma tudun da ke jikinta ta ciki, inda maharba ke tsayawa. Ramin da ke waje shi ne gwalalo.

Sarauniya Amina ce ta gina ta Kano?

A'a, don Allah a daina faɗin haka. Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ya fara, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta. Gijimasu ya riga Amina da ɗaruruwan shekaru.

Ƙasa ce fa kawai, ta yaya za ta tare igwa?

Wannan "kawai" ɗin ne ke ɓata mini rai. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland, jagoran sojojin Turawan Ingila, ya iso Kano da igwoyinsa, Sarki Alu yana can Sakkwato. Aka yi ta aman wuta, ganuwa ba ta fashe ba. Lugard, shugaban mulkin Turawa a Arewa a lokacin, da kansa ya rubuta cewa tsayinta ƙafa 30 zuwa 50 ne, kaurin gindinta ƙafa 40. Ƙasa mai kauri haɗiye harsashi take yi, shi ya sa har gobe soja ke cika buhu da yashi ya fake a bayansa. Turawa ta ƙofa suka shiga, Ƙofar Kabuga, domin kowace ganuwa rauninta a ƙofa yake.

Me ya kawo gonaki cikin birni?

Yunwa. In an kewaye gari watanni, me za a ci? Shi ya sa aka zagaye har da filin noma, da ruwa, da Dala da Gwauron Dutse don hango maƙiyi daga nesa.

In muka haƙa rami kewaye da ƙauyenmu, zai hana 'yan bindiga shigowa?

Wannan ce tambayar da nake jin nauyinta, domin masu yin ta ba karatun tarihi ya dame su ba, barci suke nema. Ba zan ce muku eh kai tsaye ba, ba kuma zan ce a'a ba. Rami yana aiki, sojoji ma sun haƙa shi kewaye da Maiduguri da wasu garuruwan Borno. Yana tsayar da babur da mota, ya tilasta wa mai shigowa bin hanya ɗaya. Amma jinkirta maƙiyi yake yi, ba ya korar sa. Gwalalon da aka yi a da akwai sarƙaƙiya a cikinsa, akwai ganuwa a bayansa, akwai maharbi a kan badala, akwai Sarkin Ƙofa da ke rufe ƙofa in rana ta faɗi. Ramin da babu mai gadinsa, da katako biyu ake ƙetare shi.

Sai ku duba ƙasarku. In jigawa ce, damina ɗaya za ta cike shi, sai an yi gayya duk shekara an yashe, kamar yadda kakanninmu ke fita yaɓen ganuwa bayan ruwa ya ɗauke. In laka ce, ruwa zai kwanta, ga sauro, ga yara da dabbobi da ke iya faɗawa. Ƙasar da aka haƙo a tara ta ta ɓangaren gari, kada a bar wa maƙiyi mafaka. Ku kuma tuna ramin da ya hana shi shiga zai iya hana mata da tsofaffi fita ranar gudu, kuma gonakinku da rijiyarku wataƙila suna waje. Saboda haka ku zauna da dagaci da jami'an tsaro tukuna. Kada ku karaya, wani wurin yana taimakawa ƙwarai, amma sai wanda ya taka ƙasarku da ƙafarsa zai ce muku naku wurin yana ciki.

Me ya sa ramukan sojoji ba sa miƙewa sak?

Don in bam ya faɗa lungu ɗaya, kada ya kashe na lungun gaba. Haka aka yi su a Faransa a yaƙin 1914 zuwa 1918.

Zan iya ɗiban ƙasar badala in yi tubali, tunda ta riga ta zube?

A'a. Na ga inda aka ƙwaƙule gindinta da diga har akuya na kwana a ciki, damina na zuwa saman ya rufto. Je ka sayi ƙasa inda ake sayarwa.